Gishirin Lalle Da 'Yan'uwansa: Gubar Da Ke Shiga Gidajenmu Ba Suna

A cikin watan Agusta na shekarar 2024, labari mara daɗi ya fito daga ƙauyen Ƙaurar Wanke da ke Ƙaramar Hukumar Shagari, wato ƙaramar hukumar da Dandin Mahe take ciki, cewa mutum biyar 'yan gida ɗaya sun rasu bayan sun ci abinci da wata miya. Kwamishinar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta wancan lokaci, Hajiya Asabe Balarabe, ta bayyana cewa gishirin lalle ne aka zuba a cikin miyar bisa zaton gishirin abinci ne.

Masu riƙe da tarihi za su tuna cewa shekara uku kafin wannan, a watan Agusta na 2021, irin wannan masifa ta auku a ƙauyen Danzanke na mazaɓar Bargaja cikin Ƙaramar Hukumar Isa, inda mutum 24 'yan zuriya ɗaya suka mutu. Kwamishinan Lafiya na lokacin, Dakta Ali Inname, ya ce wani sinadari mai kama da takin zamani, wanda jama'a ke kira gishirin lalle, shi aka yi girki da shi a maimakon gishiri. Mata biyu da suka ɗanɗana abincin kawai su ne suka tsira.

Jiha ɗaya ke nan, sinadari ɗaya, kuskure iri ɗaya, tsakaninsu shekara uku kacal. A karo na farko hukuma ta yi gargaɗi, gidajen rediyo sun yaɗa, jama'a sun yi jimami. To me ya sa aka sake? Abu mafi sauƙi shi ne a ɗora laifin a kan matar da ta yi girkin, a ce sakaci ne. Amma wannan hukunci babu adalci a cikinsa, kuma ba zai hana aukuwar na uku ba. Ya kamata mu duba yadda guba take bi har ta isa kusa da tukunyar miya ba tare da kowa ya gane ta ba.

Kama Da Wane Ba Ta Wane

Gishirin lalle farin gari ne mai tsakuwa-tsakuwa, wanda mata ke amfani da shi wajen ƙunshi domin lallen ya kama sosai ya yi duhu. In an ƙulle shi a leda aka ajiye kusa da gishirin abinci, ko a hasken rana sai an lura sosai za a bambance su, balle da almuru, a madafar da ba ta da wutar lantarki, ga hayaƙi, ga yara na kukan yunwa. Sunansa ma kansa tarko ne, tun da da kalmar gishiri ya fara. Yarinyar da aka aika ɗaka aka ce ta ɗauko gishiri, in ta ɗauko wannan ba ta saɓa wa abin da kunnenta ya ji ba.

Abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021 ya ƙara fito da maganar fili. Ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti suna amai da fitsarin jini bayan sun sha abin sha na gida da aka haɗa da garin ɗan tsami, daga baya gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 10. Da Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, ta gwada garin, sai ta ce ba ɗan tsami ba ne, wani sinadarin masana'antu ne mai suna haidiroksilamin aka sayar a matsayinsa. Wanda ya saya bai sani ba, wanda ya haɗa abin shan bai sani ba, wanda ya sha bai sani ba.

Idan aka haɗa waɗannan abubuwa uku, za a ga zare ɗaya ya ratsa su. A kowanne, sinadarin ya rabu da mazubinsa na asali, ya rabu da sunansa da takardar gargaɗinsa, sa'an nan ya shiga hannun jama'a a matsayin farin gari cikin leda. Gubar da ke ɗauke da sunanta ana tsoronta a kuma yi nesa da ita. Wadda ta rasa suna kuwa, ita ce ake ajiyewa kusa da gishiri.

Yadda Guba Ke Rasa Sunanta

Sinadari yakan baro masana'anta a cikin buhu ko jarka ko duro, da suna da gargaɗi a jiki. Babban dillali a Kano ko Sakkwato ya saya ya sayar wa ƙaramin ɗan kasuwa da mudu ko da kwalba. Shi kuma ya kai kasuwannin ƙauye ya ƙuƙƙulla a leda gwargwadon ƙarfin mai saye. A kowane mataki ana yar da wani ɓangare na bayani, har ya zama wanda zai yi amfani da kayan shi ne mafi ƙarancin sani game da shi.

Babu mai musun cewa talauci ne ke riƙe da wannan tsari. Magidancin da ke neman abin da za a ci yau ba zai sayi cikakkiyar kwalbar maganin ƙwari ba, sai dai a zuba masa kaɗan a robar lemo ko ta ruwan sha. Ko da ma ya sami cikakkiyar kwalbar, gargaɗin da ke jikinta da Turanci aka rubuta shi, da ƙananan haruffa, alhali yawancin matan da ke sarrafa kayan gida a ƙauyukanmu ba su karanta Turanci. Bugu da ƙari, ba mu yar da mazubi. Jarkar da ta ɗauki maganin ciyawa da damina, ita ce za a ɗauraye a riƙa ɗebo ruwa da ita da rani, ko a zuba man gyaɗa. Gidajenmu kuma ba su da ɗakin ajiya na musamman. Ɗakin kwana shi ne rumbu, shi ne kantin magani, shi ne wurin wasan yara.

Darasin Fiya-Fiya

Duk wanda ya kwana a yankin Shagari da Boɗinga da damina ya san azabar sauro, ya kuma san warin fiya-fiya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, asalin fiya-fiya maganin ƙwarin gona ne, wanda ake rubuta sunansa DDVP a jikin kwalba, shi ne kuma ke cikin maganin nan Sniper. An yi shi domin a tsinka shi da ruwa mai yawa a yi feshi a sarari. Mu kuwa mukan yayyafa shi a ɗaka, a ƙarƙashin gado, a rufe ƙofa, jim kaɗan a shigar da yara su kwanta. Yana shiga jiki ta numfashi, ta fata, da ta baki. Alamun kamuwa da gubarsa sun haɗa da dalalar miyau, zufa mai yawa, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi.

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan sinadari da aka samu a cikinsa. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne muke yin ƙosai da alala da shi. A shekarar 2019 kuma, bayan yawaitar labarin matasa masu shan Sniper don su hallaka kansu, NAFDAC ta hana sayar da shi da danginsa a kasuwanni da kantunan sayayya, ta kuma hana ƙananan kwalabe masu cin mililita 100 zuwa ƙasa. Mataki ne mai kyau, sai dai yana da giɓi babba. Dokar ta san kwalba mai rajista, ba ta san robar lemon da aka ɗura wa fiya-fiya a bakin tasha ba. Muddin babbar jarka na samuwa a shagon kayan noma, ba a rasa mai zuzzubawa a ƙananan robobi, kuma waɗannan robobi sun fi kwalbar da aka hana haɗari, domin ita tana da suna da murfi mai ƙarfi, su kuwa ba su da ko ɗaya.

Haka zancen yake ga ƙwayar nan ta adana hatsi, Phostoxin da makamantanta. Da zarar ta sha danshin iska sai ta riƙa fitar da iska mai kisa. An yi ta domin rufaffen sito inda ba kowa. Sanya ta cikin buhun gero ko wake a ɗakin da mutane ke kwana, wasa ne da rai.

Kayan Wanki Da Na Tsabta

Ba maganin ƙwari kaɗai ba ne abin lura. A 'yan shekarun nan sana'ar haɗa sabulun ruwa da maganin wanke ban-ɗaki ta bazu a tsakanin mata, ana koyar da ita a tarurrukan koyon sana'a, har da na zumuntar mata a ikilisiyoyinmu. Sana'a ce mai albarka da ke taimakon iyali. Amma ginshiƙinta sodar sabulu ce, wadda in an jiƙa ta sai ta zama tamkar ruwan sha a ido, kuma akan bar ta ta kwana a bokiti kafin a yi haɗi. Yaron da ya kurɓa, takan ƙone masa baki da maƙoshi, in ya rayu kuma hanyar abinci na iya tsukewa har ya kasa haɗiye ko da ruwa sai an yi masa aiki. Duk mai koyar da wannan sana'a wajibi ne ya fara da koyar da ajiyar soda kafin ya koyar da awonta.

Akwai kuma al'adar gauraya magungunan wanki da nufin su ƙara ƙarfi. Ruwan da ke sa tufafi fari, irin su Jik da Hypo, in ya haɗu da maganin wanke masai mai tsami irin su Harpic, iskar kulorin ce ke tashi, wadda ke ƙona ido da huhu, musamman a ƙuntataccen ban-ɗaki mara taga. Kowannensu shi kaɗai ya isa aikinsa.

Kananzir ma sanannen abu ne ga ma'aikatan sashen yara a asibitocin ƙasar nan, domin yana cikin abubuwan da yara suka fi sha bisa kuskure, kuma kusan kullum daga kwalbar lemo ko robar ruwa suke shansa. Sai kafur ɗin da ake sakawa cikin akwatin tufafi don korar kyankyaso. Yara da dama a ƙasarmu ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, irin waɗannan jarirai kuwa, tufafin da suka sha kafur na iya fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani da kan taɓa ƙwaƙwalwa. Kayan jariri ba su da buƙatar kafur, wanki da shanya a rana sun wadatar.

Gubar Da Ke Aiki A Hankali

Wata gubar ba ta kisa a dare ɗaya, saboda haka ba a jin labarinta a rediyo. Kayan ɗakin zamani, irin su kabad da gado da teburin madubi, galibi ana yin su da allunan da aka haɗa da garin katako da gam. Wannan gam yana fitar da sinadarin fomaldihaid, wanda ruwansa ne fomalin da ake adana gawa da shi a asibiti. A shekarar 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Ya fi fita lokacin da kayan suke sababbi, kuma zafi na ƙara masa ƙarfi, mu kuwa a ƙasar Sakkwato ba mu da ƙarancin zafi. Ka dubi ɗakin amarya: an yi sabon fenti, an shimfiɗa sabuwar leda, an jera sababbin kujeru da katifa, aka rufe ƙofa da taga don ƙura, sa'an nan aka kai yarinya ta tare. Warin nan da muke kira ƙamshin sabon kaya, wanda ke sa yaji a ido da ciwon kai, shi ne alamar. Maganinsa ba ya cin ko kwabo: a gama fenti da jere da wuri, a bar ƙofa da tagogi a buɗe na kwanaki kafin a tare.

Dalma ita ce ta fi kowacce ɓoyewa. Jama'ar wannan yanki ba su manta da abin da ya sami maƙwabtanmu na Zamfara a shekarar 2010 ba, lokacin da yara fiye da 400 suka mutu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana kawo duwatsun zinariya masu dalma cikin gida ana dakawa a inda yara ke rarrafe. Amma dalma na da wasu ƙofofin. Tana cikin wasu fentin mai, wanda in ya tsufa yakan ɓare ya zama ƙura yaro ya kai baki. Tana cikin tsohon batirin mota da ake fasawa a bayan gida. Tana kuma cikin baƙin kwallin dutse da ake sa wa jarirai. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar daga kwallin da aka kai daga Nijeriya ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa.

Wa Ke Da Alhaki?

Wasu za su ce a haramta waɗannan kayayyaki baki ɗaya a huta. Wannan magana ta fi sauƙi a baki. Manomi na buƙatar maganin ƙwari, mai sabulu na buƙatar soda, masu ƙunshi da ita suke ci, sauro kuma yana kashe yara fiye da fiya-fiya. Haramcin da bai zo da madadi ba, ƙarshensa ya tura kayan ƙarƙashin tebur, inda ba mai ganinsu balle ya duba su.

Abin da ya fi dacewa shi ne a mayar wa guba sunanta. NAFDAC, wadda aka kafa tun 1993, tana da ikon tilasta wa masu shigo da kaya da masu sarrafa su rubuta gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, tare da babban hoton ƙoƙon kai da ko wanda bai yi karatu ba zai gane. Duk farin garin da ke kama da gishiri ko sukari, ana iya sa masa launi tun daga wurin dillali, kamar yadda ake rina irin shuka da aka sa wa magani don kada a ci. Da gishirin lalle shuɗi ne, da wuya a zuba shi a miya. Ƙananan hukumomi kuma suna da ma'aikatan duba-gari, waɗanda a da ake jin tsoronsu. A mayar da su kasuwa, su haɗa kai da sarakunan kasuwa a raba layin masu sinadari da na masu kayan miya, a hana sayar da guba a robar abin sha. Hakimai da masu unguwanni da shugabannin addini, Kirista da Musulmi, su ne jama'a ke saurara kowane mako, kuma wannan gargaɗi bai fi ƙarfin minti biyar na sanarwa ba.

Madadi ma akwai. Gidan sauro mai magani ya fi fiya-fiya kariya, kuma ana rabawa kyauta lokaci zuwa lokaci. Don adana wake akwai buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 tare da masu binciken aikin gona na ƙasashen yankin, har da na Maraɗi. Ana ɗaure shi ne iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu ba tare da ɗigon magani ba.

Abin Da Kowane Gida Zai Iya Yi Yau

Kafin hukuma ta motsa, mai gida da uwar gida su zauna su fito da duk wani ƙulli da kwalba da ke ɗaka da madafa. Wanda ba a san ko mene ne ba, kada a ɗanɗana, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne. Wanda aka sani kuma ake buƙata, a samo akwati mai kwaɗo a zuba, a ajiye shi a wajen ɗakin kwana da wajen madafa, a ɗaura wa kowace kwalba jan ƙyalle, a kuma sanar da kowa a gidan ma'anar jan ƙyallen. Gishirin abinci ya kasance yana da mazubinsa guda ɗaya da kowa ya sani. Ranar ƙunshin biki ko suna, abin da ya rage na gishirin lalle kada ya kwana a gidan. Jarkar maganin gona in ta ƙare a huda ta, kada a ce za a wanke.

In kuwa tsautsayi ya auku, kada a ɓata lokaci wajen ɗura manja ko madara, kada kuma a sa yatsa a maƙoshi don a jawo amai. In kananzir ne, amai na tura shi cikin huhu. In soda ce, za ta sake ƙona hanyar da ta bi. Wanda maganin ya zuba wa a jiki, a cire masa tufafin a wanke fatar da ruwa mai yawa, ido kuma a yi ta kwarara masa ruwa na aƙalla minti 15. Wanda ya shaƙa, a fitar da shi sarari. Sa'an nan a garzaya asibiti mafi kusa tare da kwalbar ko ƙullin ko ragowar abincin, domin sanin irin gubar shi ne rabin magani, kuma gubar fiya-fiya tana da allurar da ke karya ta in an isa da wuri. In mutum biyu ko uku suka fara ciwo bayan cin abinci ɗaya, a tsayar da kowa daga ci, a kai duk wanda ya ci asibiti ko da bai fara jin komai ba.

'Yan'uwa, masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Danzanke ta yi rashin mutum 24, Ƙaurar Wanke ta yi rashin biyar, kuma irin ƙullin da ya yi wannan ɓarna ba a rasa shi a gidaje da yawa na Dandin Mahe, Shagari, Boɗinga da kewaye. Kowa ya duba madafarsa kafin a ɗora tukunyar dare. Allah ya ta'azantar da waɗanda suka yi rashi, ya kuma kiyaye sauran gidajenmu.